Godiya ga Malaman Sashen Turanci na Ƙaramar Sakandaren Unguwarmu

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ga malaman sashen Turanci na ƙaramar sakandaren da 'yata ke zuwa, nan wajen Ƙofar Marusa a Katsina, saboda yadda suka koya wa 'yan aji 2 darasin kamantawa a zangon da ya wuce. Mu iyaye galibi ƙorafi ne ke kai mu makaranta, alhali yabon gwani ya zama dole.

Abin da ya fi burge ni, Malamar da ke koyar da ajin 'yata ba ta fara da Turancin ba. Cewa ta yi kowane yaro ya zo da kamance ɗaya daga bakin kakarsa ko mahaifiyarsa. Suka kawo "ɗaci kamar maɗaci", "baƙi ƙirin kamar gindin tukunya", wani ma ya ce "dogo kamar Hasumiyar Gobarau". Sai da allo ya cika sannan ta nuna musu cewa aikin da "kamar" da "tamkar" ke yi a Hausa, shi "like" da "as ... as" ke yi a Turanci.

Daga nan ta kai su inda yara ke yawan faɗuwa. Ta rubuta "I like rice", ajin ya ɗauka baki ɗaya cewa kamantawa ce, tun da sun hango "like". Ta tambaye su, me aka kamanta da me? Shiru, domin son shinkafa kawai ake faɗa. Ta sake rubuta "Musa is as tall as his brother", ta ce wannan auna tsawon mutum biyu ne kurum, babu adon harshe a ciki, sai an haɗa abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba, irin mutum da zaki a "as brave as a lion". Na ga wannan bayani a littafin 'yata, kowane layi an bi shi da jan biro, duk da cikar ajin.

Da suka zo kan "as white as snow", yaran da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ta bar su suka rubuta "as white as cotton", tun da audugar Funtuwa ba baƙuwarsu ba ce. Amma ta ja kunnensu su riƙe na asalin, don da shi za su gamu a jarrabawar kammala aji 3.

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, roƙona shi ne a bar Malama da wannan ajin har ta kai su darasin siffantawa, wato inda ake cewa mutum zaki ne kai tsaye ba tare da "kamar" ba. Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Wassalam,
Mahaifin ɗaliba 'yar aji 2, Katsina.