Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kai Saƙo da Babur a Legas

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan uwa membobi.

Bana yawancin ƙarfinmu ya tafi ne wajen horas da tsofaffin hannu. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland daga 1 ga Yuni 2022, ta kuma ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe a Satumbar shekarar, da dama daga cikinmu suka koma kai saƙo da babur mai injin 200cc, wanda doka ta yarje masa hawa manyan tituna. Babur mai ƙarfi kuwa yana zuga mai shi ya wuce duk abin da ke gabansa, shi ya sa muka sa darasin obatekin, wato wuce motar da ke gabanka, a gaba.

Abin da muka fi nanatawa shi ne, ana gama shawara tun kafin a fito daga bayan mota. Kana ganin hanya har inda za ka koma hannunka? Akwai kwana, gidan mai ko mahaɗa a gaba? Mun yi lissafin a allo: in kana gudun kilomita 60 a awa, mai tahowa shi ma haka, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 33 duk daƙiƙa. Wucewar daƙiƙa shida ke nan tana buƙatar fili kusan mita 200. Da yawa sun yi shiru da suka ji haka.

An fi yin gardama kan tirela da danfo, wato ƙananan bas-bas na haya. Wasu sun saba manne wa bayan tirela kafin su fizgo, alhali wanda ya ja baya shi ke hango hanya, shi ne kuma direba ke gani a madubi. Bi ta hannun damar tirela a hanyar Apapa ko ta Badagry mun ce a daina, domin takan buɗe hagu kafin ta karya dama. Danfo kuwa tsayawa yake duk inda aka ɗaga masa hannu, fasinja ya diro ba tare da ya duba ba. Madubi kaɗai bai isa ba, sai an waiga kafin a fito.

Wasu sun ce mai kaya na matsa musu a waya. Gaskiya ne, amma kwamiti na ganin mintin da ake ci bai kai hatsarin ba.

Mun kuma taimaka wa sababbin membobi wajen neman lasisin babur na rukunin A, mun duba 'yan uwa da ke jinya. Kuɗin wata dai har yanzu ana jan ƙafa. A daure a ga ma'aji. Baɗi, in Allah ya kai mu, za a fara da darasin tuƙi cikin ruwan sama kafin damina ta kankama.

Sakataren ƙungiya