Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Karatun Amaryata

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu ma nan Jos lafiya lau, sai sanyin da ka sani. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa kana shirin ɗaukar wa amaryata, wato 'yarka, malamin lesin, saboda sakamakonta na zangon da ya wuce bai yi maka daɗi ba, musamman a lissafi. Ban hana ka ba, amma ka saurare ni kafin ka fitar da kuɗinka.

Karatun firamare mako-mako yake tafiya. Hukumar NERDC da ke Sheda, nan kusa da ku, ita ce take tsara manhaja, sannan a raba aikin shekara zango uku, kowane zango kuma a yanka shi mako-mako, a ware na ƙarshe domin bita da jarrabawa. Malamarsu tana da littafin da ya nuna mata abin da za ta koyar kowane mako, shugaban makaranta yana dubawa yana sa hannu, don haka ba za ta tsaya jiran yaro ɗaya ba, balle in ajin ya cika maƙil. Darasin wannan mako shi ne tubalin da za a ɗora na mako mai zuwa a kansa. Yarinyar da zazzaɓi ya kwantar a makon da aka koyar da gurbin ɗaiɗai da na gomomi, za ta koma aji ta ci gaba da kwafar allo da kyakkyawan rubutu, ba wanda zai lura da giɓin sai an zo ɗebewa mai aro.

Saboda haka abu na farko shi ne ku san abin da ake koya mata a wannan makon da muke ciki. Mahaifiyarta ta riƙa tambayar malama ranar Litinin, ko da ta WhatsApp ne. Ban taɓa ganin malamin kirki da wannan tambaya ta ɓata wa rai ba. Kai kuma ranar Asabar ka buɗe littattafan aikinta da kanka, kada idonka ya tsaya kan makin da aka ba ta, ka bi inda jan biro ya soke, ka nemi dalili. In ka ga an ba ta 52 a ɗebe 27 ta rubuta 35, kada ka ce sakaci ne, domin akwai hanyar da ta bi: ta ga 2 ba za ta ba da 7 ba, sai ta juya ta cire 2 daga 7. Ka samo tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da zare, ka ajiye mata ɗauri biyar da tsinke biyu, ka ce ta ba ka 27. Ka yi shiru, ka bar ta ta yi ta juya su har ta gane da kanta cewa sai ta kwance ɗauri ɗaya, sa'annan ta koma ta rubuta 25. Wannan shirun shi ne mai wuya ga iyaye, don bakinmu yakan riga hankalin yaro.

Na san kana fita daga Kubwa da sassafe, cunkoso kuma ba ya barinka ka dawo sai bayan magariba. Minti 15 ya isa a ranakun aiki. Kada ka tambaye ta me aka koya musu yau, "ba komai" za ta ce; ce mata za ka yi ta zama malama ta koya maka. In Turanci ta karanta, ta faɗa maka ma'anarsa da Hausa, domin yara gwanaye ne wajen haddace shafi da ka ba tare da sun san abin da yake cewa ba. Hausar gida ba ta hana Turanci zama, kada wani ya ruɗe ku ku daina yi mata.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi mata aikin gida. Duk ranar da kai ko mahaifiyarta kuka rubuta mata amsa, malama kuka rufe wa ido, za ta ɗauka an gane ta wuce gaba. Gara ta kai aikin da kuskurensa. Ku kuma duba nauyin da ke kanta: boko da safe, Islamiyya da yamma, ga aikin gida da dare. In aka ƙara lesin kullum, barcinta ne zai biya, yaron da bai ƙoshi da barci ba kuwa ba ya riƙe karatu.

Ku gwada wannan zuwa hutun tsakiyar zango. In har lissafin bai motsa ba, ka ɗauki malamin, da sharaɗin zai bi abin da ake yi a aji a makon, kwana biyu kacal a mako, kuma ba shi zai yi mata aikin gida ba.

Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce wa amaryata angonta yana jiran wasiƙa da rubutun hannunta. Allah ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.