Jahangir da kan Malik Ambar

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili. Mu dai in aka ce Indiya fim ne da rawa ke zuwa mana, alhali sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki ƙasar a da, sun bar zane-zanen fada masu ban mamaki, kuma ina ganin shafinku na al'adu ya kamata ya leƙa su.

Sarki Humayun ne ya taho da gwanayen zane biyu daga Farisa, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad, ɗansa Akbar da ya hau a 1556 ya tara masu zane Musulmi da Hindu a fada ana biyansu albashi, burushin ma da gashin kurege ake yi, shi ya sa za ka ga gemun sarki kamar ka ƙirga shi ɗaya-ɗaya.

Sai dai fa wanda sarki ke ciyarwa abin da sarki ke so zai zana, kamar dai maroƙi a ƙofar fada. Ga misali. Wajen 1616 mai zanen fada Abul Hasan ya zana Sarki Jahangir, ɗan Akbar, tsaye a kan duniya, ya ɗana baka yana harbin yankakken kan wani baƙin mutum da aka soke a mashi, ga mujiya zaune a kan. Wannan mutumin Malik Ambar ne, ɗan Habasha da aka sayar bawa yana yaro, ya bi ta Bagadaza har ya faɗo yankin Dekkan a Indiya, ya zama shi ke juya masarautar Ahmadnagar, ya hana rundunar Mughal sakat shekara da shekaru. To wallahi Jahangir bai taɓa kama shi ba balle ya fille masa kai, mutumin ya tsufa ya mutu a 1626, shi ma Jahangir ɗin ya bi shi a 1627. Haushi ne kawai ya ishe shi ya sa aka zana masa burinsa.

Zanen na nan a laburaren Chester Beatty a Dublin, ana samunsa a intanet. Ku buga shi, amma don Allah ku haɗa da tarihin Malik Ambar a gefe, yaranmu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Naku,
Mai karatu daga Zariya