Amsa ga Baristan da ke neman ƙofar da na bi na zama Kadi

Barista, barka da aiki.

An kawo mini tambayar da ka jefo mini a rediyo: wai ta wace ƙofa wanda bai taɓa sa hular lauyoyi ba ya zama Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, in ba ta gidan gwamnati ba? Zancen hula ban damu da shi ba. Na gidan gwamnati ne ya yi mini zafi.

Tunda kai ne masanin doka, na ɗauka ka taɓa leƙa sashe na 276 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Ƙofa biyu ya buɗe. Ɗaya ta lauyan da ya shekara 10 da zama lauya kuma yana da shaidar ilimin shari'ar Musulunci. Ɗaya ta wanda ya riƙe wannan shaida shekara 10, ya kuma goge a aiki ko ya shahara da malanta. Ta biyun na bi. Na yi karatun shari'a a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na fara da rajistara, na zama alƙali a ƙauyen da ba lauyan da ke zuwa saboda ba kuɗi, sannan babbar kotun shari'a, sannan sufeton kotuna. Gwamna kuwa sa hannu ya yi bayan hukumar shari'a ta jiha ta miƙa sunana, majalisar shari'a ta ƙasa ta tantance. Sheikh Abubakar Gumi ma, da ya zama Girandi Kadin Arewa a 1962, makarantar alƙalai ta Kano ya yi. Ko shi ma za ka tambaye shi hularsa?

Hukunce-hukuncena suna ajiye. Daga wurinmu ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya take zuwa. Je ka ƙirga nawa aka rushe, ka koma rediyon ka faɗa.

Ba kai kaɗai ba ne. Kun daɗe kuna yi wa alƙalai kallon 'yan bayan fage, alhali aure da gado da riƙon marayu a hannunmu suke. Ranar da aka zo rabon gona tsakanin mata huɗu da 'ya'ya barjat, mu ake nema. Na kuma lura tambayar taka ba ta taso ba sai da shari'ar gadon da ka tsaya wa ta faɗi a gabanmu. Allah ya sa dai katari ne.

Wassalam,
Kadi mai ritaya