Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Simon Stiell: A Auna Kabon Ɗin Gaɓar Teku Kafin A Sa Masa Kuɗi

Zuwa ga Mai Girma Simon Stiell, Babban Sakataren ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yarjejeniyar sauyin yanayi, Bonn, Jamus.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na rubuto ne in ja hankalinka kan wani giɓi da ke cikin lissafin kabon na duniya, daidai inda tudu ya ƙare teku ya fara. Kai ɗan Grenada ne, ka riƙe ma'aikatar muhalli a can kafin ka hau wannan kujera a 2022, ka kuma ga irin kaca-kacan da guguwar Beryl ta yi wa tsibirin Carriacou a Yulin 2024. Saboda haka ba sai na ɓata maka lokaci wajen gaya maka darajar gaɓar teku ba.

An san cewa teku yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon dayoksaid da ɗan Adam ke fitarwa kowace shekara. Masana suna bin diddigin wannan a tsakiyar teku, ƙasashe kuma suna ƙidaya na dazuzzuka da gonaki da masana'antu a cikin rahotanninsu. Tsakanin waɗannan biyu akwai siririn yanki da kowa ke barin wa ɗan'uwansa: bakunan koguna, fadamun ruwan gishiri, dazuzzukan mangurof (itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishirin bakin teku), filayen ciyawar teku, da ruwan gefe wanda zurfinsa bai wuce mita 200 ba. Yankin bai kai kashi 10 cikin 100 na faɗin teku ba, amma a nan ake binne fiye da kashi 80 cikin 100 na kabon ɗin matattun tsirrai da halittu da ke kwanciya a lakar ƙasan teku. Nan ne kuma koguna ke juye kimanin tan miliyan 900 na kabon da suke kwasowa daga tudu a shekara.

Abin da ke faruwa da wannan kabon ba hanya ɗaya yake bi ba, kuma a nan wahalar take. Ruwan gefen teku yawanci shanye iskar yake yi, kimanin tan miliyan 200 zuwa 300 na kabon a shekara, musamman a wuraren sanyi. Bakunan koguna kuwa fitar da ita suke yi, domin ƙwayoyin halitta suna ruɓar da ganyaye da dattin da kogi ya kawo, iskar ta koma sama. Shekaru ashirin da suka wuce an ƙiyasta cewa bakunan koguna na fitar da wajen tan miliyan 400 a shekara. Da awo ya ƙaru, adadin ya sauko zuwa wajen tan miliyan 100. Dalili shi ne an gina ƙiyasin farko ne kan bakunan kogunan Turai masu datti, irin su Scheldt da ke tsakanin Beljiyam da Holand, aka ɗora wa duniya duka. Adadin da zai ragu da ninki huɗu don kawai an ƙara wuraren awo, ranka ya daɗe, bai kai a gina ciniki a kansa ba tukuna.

Dubi dajin mangurof kusa-kusa. Saiwoyinsa suna tsaye cikin baƙar laka wadda iska ba ta ratsa ta, shi ya sa ganye da saiwar da suka nutse ba sa ruɓewa da wuri. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan dazuzzukan yankin tekun Indiya da Fasifik ya sami kimanin tan 1,000 na kabon a kowace hekta, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa. To amma tun a 2008 masana suka lura cewa fiye da rabin kabon ɗin da waɗannan itatuwa ke zuƙa ba a san inda yake shiga ba. Daga baya aka gano cewa ƙaguwa na da hannu a ciki. Ramukan da take haƙawa sun cika lakar. Idan teku ya ciko ruwa ya shige su, idan ya janye sai ya fita ɗauke da narkakken kabon zuwa cikin teku. Wani ɓangarensa yana komawa sama nan da nan, wani kuma yana daɗewa a ruwa. Wanda ya zo ya auna kaurin itace da zurfin laka kaɗai ya tafi, rabin labari ya samu. Ga kuma iskar metan da wasu fadamun ke fitarwa, wadda ita ma ke ɗumama duniya, tana rage ribar da ake ɗauka an ci.

Na kawo wannan ne saboda kasuwa ta riga awo. Kamfanoni suna sayen takardun shaidar cewa an dasa mangurof ko an farfaɗo da ciyawar teku, su ce sun goge hayaƙin da suka fitar. Ban ƙi a biya al'ummomin da ke kula da waɗannan wurare ba, sun ma cancanci fiye da abin da suke samu. Amma sayar da tan ɗin da ba a tabbatar ya zauna a laka ba cinikin biri a sama ne. Kuma abin da aka adana yana iya tashi: zafin ruwan da ya afka wa Shark Bay a yammacin Ostareliya a ƙarshen 2010 da farkon 2011 ya lalata fiye da kashi ɗaya cikin uku na ciyawar teku a wurin, aka ƙiyasta cewa tan miliyan 2 zuwa 9 na kabon dayoksaid sun iya fita cikin shekaru uku da suka biyo baya. Rahoton IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 kan teku da ƙanƙara ma ya nuna cewa farfaɗo da waɗannan wurare zai iya ɗauke kimanin kashi 0.5 cikin 100 ne kacal na hayaƙin duniya a shekara. Ba zai maye gurbin rage ƙona kwal da mai da gas ba, kuma ina roƙonka ka riƙa faɗin haka a fili duk lokacin da zancen ya taso.

Inda ribar take da tabbas shi ne hana ɓarna. Idan aka sare mangurof aka haƙa tafkin kiwon jatan lande, lakar da ta tara kabon na ɗaruruwan shekaru tana haɗuwa da iska ta saki abin da ta riƙe cikin ɗan lokaci. Mangurof ɗin da ya rage a duniya bai wuce murabba'in kilomita 150,000 ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar a Indunusiya. Kowace hekta da aka bari a tsaye ta fi wadda za a dasa gobe.

Ranka ya daɗe, kayan aikin suna hannun ofishinka. Tun 2013 IPCC ta fitar da ƙarin jagora kan yadda ƙasa za ta ƙidaya kabon ɗin fadamun gaɓar teku, amma amfani da shi ganin dama ne, kuma ƙasashe kaɗan ne, irin su Amurka da Ostareliya da Japan, suka shigar da shi cikin lissafinsu. Yanzu da aka fara miƙa rahotannin bayyana gaskiya na bayan shekara biyu-biyu a ƙarƙashin yarjejeniyar Paris, waɗanda wa'adin na farkonsu ya cika a Disambar 2024, ina roƙonka ka matsa wa ƙasashe masu gaɓar teku su sa wannan babi a ciki, asara da riba duka. Na san ba ka da ikon tilasta wa kowa, amma kana da murya, kana kuma da zaman tattaunawa kan teku da yanayi da ake yi a Bonn kowace shekara tun bayan taron Glasgow na 2021.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake awon. Rumbun SOCAT, wanda ke tattara ma'aunin kabon dayoksaid na saman teku, ya fi cika da bayanan arewacin duniya, kuma yawan awon da ke shiga cikinsa ya ragu tun bayan 2017. Manyan kogunan wurare masu zafi, Amazon da Kwango da Ganges da Mekong, da gaɓoɓin da mangurof ya fi yawa, su ne aka fi ƙarancin sa musu na'ura. Masanan waɗannan ƙasashe suna nan. Abin da suka rasa shi ne jirgin ruwa da na'urori da kuɗin da zai riƙe tashar awo shekara goma ba tare da yankewa ba. Ka nemi asusun yanayi na duniya su ware kaso na dindindin domin wannan, a ba cibiyoyin ƙasashen kai tsaye, bayanan kuma su zama a buɗe ga kowa. Sannan hukumar da ke tsara kasuwar kabon ƙarƙashin sashe na 6 na yarjejeniyar Paris kada ta amince da wata takardar gaɓar teku sai an nuna awon laka, da abin da ruwa ke fitarwa, da metan, da wanda zai biya idan wurin ya lalace.

Ina fata za ka sa wannan batu a jerin abubuwan da za a tattauna a zaman Bonn mai zuwa.

Na gode, ranka ya daɗe.

Daga wani mai bibiyar al'amuran teku da yanayi.