Godiya Ga Ofishin Agajin Shari'a Na Bauchi

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, reshen Bauchi, saboda abin da suka yi wa yayana.

Injin casar shinkafa ne ya cinye masa hannun dama a wani kamfani da ya yi wa aiki shekara da shekaru. Sun biya kuɗin asibitin farko, daga nan sai shiru. Da ya nemi diyya aka ce sakacinsa ne, kuma wai shi ma'aikacin wucin gadi ne. Muka shiga yawon ofisoshin lauyoyi. Wani ya ce a ajiye kuɗin buɗe fayil kafin ma ya ji da me muka zo. Wani ya jero mana kuɗin shigar da ƙara, na rantsuwa, na kai sammaci, har da na man motarsa. Mutumin da gidansa ya koma dogaro da masar da matarsa ke soyawa a ƙofar gida, ina zai samo wannan? Yaya har ya ce a bar su da Allah.

Wani maƙwabcinmu ne ya tura mu wannan ofis, muka je ba tare da sa rai ba. Lauyar da ta karɓe mu ta ba shi kujera, ta ce, "Malam, faɗa mini daga farko, ba sauri muke ba." Da Hausa ta bayyana mana cewa dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun diyya, kuma dokar hukumarsu ta 2011 ta ba su damar tsaya wa duk wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024. Sannan ta faɗi abin da duk lauyoyin baya ba wanda ya taɓa ambata mana: marar hali yana iya roƙon alƙali, da takardar rantsuwa, a yafe masa kuɗin kotu.

Da aka zo sa hannu, Yaya ya riƙe biro da hagu yana ta fama, takardar na zamewa, gumi na keto masa. Ba ta ce komai ba. Ta dafe masa takardar, ta jawo tawada ya dangwala yatsa, ta ci gaba da hira kamar ba abin da ya faru. Wallahi wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da maganar kuɗin.

An yafe kuɗin, ƙara ta shiga, kuma ko kwabo ba a nema a hannunmu ba, ko na sayen ruwa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake rufe wa talaka irin wannan hanya. A wasu ofisoshin, tun daga bakin ƙofa masinja ke auna ka da takalminka. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar keken guragu. Wa'adin ya cika tun farkon 2024, amma har gobe ɗaukar gurgu ake yi cak a hau matakala da shi, mai ofis yana zaune yana latsa waya.