Masu taɓin hankali na buƙatar makwanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan masu taɓin hankali da ke kwana a rumfunan kasuwa da bakin Ƙofar Ƙaura, ga hunturu ya kankama.

A Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Har yau ba mu gani a ƙasa ba.

Likita zai yi iya ƙoƙarinsa, mutum ya samu sauƙi, a sallame shi da magani a leda. To, ina zai dosa? Dangi sun gaji, wani ma 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu a Batsari ko Jibiya. Wanda ke kwana kan kwali, wa zai tuna masa lokacin shan magani? Nan da nan ciwon ya dawo.

Ina roƙon gwamnatin jiha ta buɗe gidajen zama na wucin gadi kusa da asibitoci, ta tura ma'aikatan jin daɗin jama'a su riƙa zagayawa tare da masu unguwanni. Amma a sa ido sosai, kada su koma gidan mari irin wanda 'yan sanda suka bankaɗo a Daura a 2019.

Naka,
Wani mazaunin Ƙofar Marusa, Katsina